Allon Mai Ruwa

Ba ihu Iya Mai Tsumma ta yi ba. Da ihun ta yi, da abin ya zo wa mutane da sauƙi. Tsayawa kawai ta yi a gaban bangon 'yan mazan jiya, tsumma a hannun hagu, hannun dama yana lalube inda allon mijinta yake, ba ya taɓa komai sai siminti tsirara da ramukan noti huɗu. A haka mai shayin bakin titi ya hango ta, ya ajiye buta ya taho. Kafin rana ta ɗaga, rabin garin ya cika filin.

Bangon nan shi ne abin taƙamar garin, domin in ka ɗauke shi babu wani abin da za a nuna wa baƙo. Ƙaramin gari ne, amma lokacin yaƙi ya ba da 'ya'yansa, kuma duk wanda ya tafi an kafa masa allon tagulla da sunansa, wanda ya dawo da wanda bai dawo ba. Mijin Iya bai dawo ba, ko gawarsa ba a kawo ba. Shi ba ma bindiga ya riƙe ba, ruwa yake kai wa sojoji bakin daga da jarkoki a kafaɗa, har ranar da ya tafi kai ruwa aka jira shi shiru. Allon nan shi ne kabarinsa a wurinta. Ba ta iya karatu ba, amma ba ta bukata: kullum da sassafe takan zo ta goge shi, shekara da shekaru, har ya zamana ya fi kowane allo ƙyalli. Ga shi a tsakiyar bango, daidai fuskar mai tsayuwa.

Gobe kuma ake taron shekara, har da babban baƙo. Jiya da yamma aka zuba sabon yashi a filin, aka baje shi, aka yayyafa ruwa.

Ƙanin Iya ne aka aika a kira, wanda garin ke ce wa Mai Sawu. A yaƙi shi ne mai bin sawu na rundunarsu, yanzu kuma shi ake nema in an sace akuya ko an fasa shago. Mutum ne mai gajen haƙuri tun yana yaro, tsufa kuma bai rage masa komai ba. Da ya iso ya ga ƙafafu sun fi ɗari suna tattaka yashin, sai da jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Ku ja baya," ya ce. "Kun zo taimako ne ko kun zo binne mini ɓarawo? Kai mai hula, ɗaga ƙafarka. Allah ya shirye ku, ko shanu aka koro da sun bar mini wani abu."

Ya dubi yayarsa. Idonta a bushe yake.

"Yaya, ki je gida."

"Ba inda za ni, Auta. Ka nemo mini shi."

Ita kaɗai ce a duniya take kiransa Auta, da furfurarsa da komai. Ya durƙusa ya fara duba yashin.

Gindin bangon an share shi da reshen itace, shara ta wanda ya san abin da yake yi, yana ja da baya yana gogewa. A bakin filin kuma akwai sawun silifas irin na kowa, wanda ko yaro ko tsoho zai iya sawa. Sauran duk jama'a sun cinye. Har ya fara zagin garin a zuci, sai ya ga wani ɗan fili, 'yan taku kaɗan daga bangon, kusa da sandar tuta, inda igiyar da aka ɗaura ta hana mutane takawa.

Ya daɗe a tsugune a wurin. Waɗanda ke kusa sun ga ya kai yatsa kamar zai taɓa, ya fasa. Da ya miƙe fuskarsa ta canza, ba wanda ya yi gigin tambayarsa. Ya jawo baron magina da ke gefe ya kifa shi a kan wurin, ya ce wa mai shayi, "Zauna a kan wannan. Duk wanda ya ce ka tashi, ka ce ya zo ya same ni."

*

Garin bai jira shi ba, ya riga ya yanke hukunci. Tagulla ce ta ɓace, to wa ke sayen tagulla? Mai Gwangwani. Samari sun je rumfarsa sun watsar da komai, sun yi masa dukan kawo wuƙa, da ƙyar Sufeton 'yan sanda ya ƙwace shi ya kulle, wai don a tsare masa rai.

Mai Sawu ya same shi a bayan kanta, leɓe a fashe, ido ɗaya a rufe.

"Baba, wallahi ban taɓa shi ba," in ji Mai Gwangwani. "Ni da nake wucewa kullum ina gaishe da Iya?"

"In kai za ka sace allon tagulla, da me za ka cire shi?"

Mai Gwangwani ya dube shi, yana tsoron tarko ne. "Da ƙarfe zan ɓamɓare shi mana. Wa ke da lokacin kwance noti?"

"Guda nawa za ka ɗauka?"

"Haba Baba. In har na ɓata sunana, ai ba kan guda ɗaya zan ɓata shi ba."

Mai Sawu ya juya ga Sufeto, wanda ke zaune yana kaɗa mukulli. "Ka ji? Wanda ya cire allon nan da sifana ya zo, ya kwance noti ɗaya bayan ɗaya, ko siminti bai gutsura ba. Ya bar alluna cike da bango ya ɗauki guda. Wannan ba aikin mai neman tagulla ba ne."

"Baba, ni jama'a nake kwantar wa hankali," in ji Sufeto. "Gobe da baƙo. Ciyaman na ƙaramar hukuma ya bugo waya, ya ce a rufe maganar nan yau."

"A rufe ta a kan wannan bawan Allah?"

"Ka kawo mini wani, in sake shi."

"Zan kawo maka," in ji Mai Sawu. "Allah ya sa in na kawo ka iya riƙewa."

*

Maigadin filin shi ma tsohon soja ne, ɗan siriri, mai yawan rantsuwa. Yana ganin Mai Sawu ya fara kare kansa tun ba a tambaye shi ba.

"Ban yi barci ba. Kowa ya ce na yi barci, ƙarya yake."

"Ban ce ka yi ba. Ina kake da asuba?"

Maigadi ya sosa ƙeya. "Aike aka yi mini. Direban Ciyaman ya zo, ya ce in bi shi mu ɗauko kujerun taro daga sito. Muka je muka tarar babu mukulli, muka yi ta jira."

"Kujeru da asuba."

"Ni ma na faɗa a raina. Amma wa zai ce wa motar Ciyaman a'a?"

"Da ka dawo ba ka duba bangon ba?"

"Me zan duba? Bango dai yana nan."

Abin da ya fi ƙona wa Mai Sawu rai ke nan. Mutumin nan da sunansa a jikin bangon, a gindinsa yake kwana yake tashi, amma ba ya ɗaga kai ya dube shi. Kuma ba shi kaɗai ba. Garin nan kaf, masu rantsuwa da bangon in baƙo ya zo, a cikinsu babu mai tsayawa ya karanta suna ko ɗaya. Sun fito yau da sanduna suna dukan mutum saboda allon da ba za su iya faɗin sunan da ke kansa ba.

"Amma in ni ne kai," in ji Maigadi yana rage murya, "Kofur zan tambaya. Shekaranjiya a gaban mutane ya ce da yana da ƙarfi da ya rushe bangon nan da hannunsa."

*

Kofur yana zaune a ƙofar ɗakinsa, sandunan tafiyarsa jingine da bango, ƙafar wandon hagu a naɗe an soke ta da fil. Bai musa ba.

"Na faɗa, zan kuma sake faɗa. Kowace shekara a shafa wa bango fenti, a zo a yi jawabi, a tafa, a watse. Ni da na bar ƙafata can, ruwa na zuba a kaina a ɗakin ƙungiyarmu ta tsofaffin sojoji duk damina. Bango ya sha fenti, mu mu sha ruwan sama."

"Kai ka cire?"

Kofur ya yi wata dariya mara daɗi, ya buga kututturen cinyarsa. "Da wace ƙafar? Ka ga ramin sanda a yashin?"

"Ban gani ba."

"To me ya kawo ka?"

Mai Sawu ya zauna a bakin dakali. Gaskiyar magana, ya san ba Kofur ba ne tun kafin ya taso. Yawo kawai yake yi yana kewaye abin da ya gani ƙarƙashin baro, yana fatan wani ya ba shi dalilin da zai ce idonsa ne ya tsufa.

"Kuma in zan taɓa allon wani," Kofur ya ci gaba, murya ta sauka, "ba na Mai Ruwa ba. Ranar da aka harbe ni, wa ya ɗiga mini ruwa a baki? Kana wurin. Samanja shugaban ƙungiyarmu ma yana wurin, shi da aka ciro wa ƙarfe a gwiwa." Ya tofar da yawu gefe. "Ka ji labari kuwa? Wai za a yi mana sabon rufi. Samanja ya ce Ciyaman ya yi alkawari, bayan taro za a kawo kwano. Shekara nawa muna roƙo, sai yanzu zuciyarsa ta yi laushi."

"Yaushe ya yi alkawarin?"

"Satin nan. Satin da aka ce za a ƙara sunan ubansa a bango. Wai shi ma ya yi aikin soja, a sito, yana ƙirga barguna."

Mai Sawu ya tashi bai yi sallama ba.

*

Maƙeri ɗaya ne a garin mai zana suna a tagulla. Da ya ga wanda ya shigo, sai ya ja buhu ya rufe abin da ke kan tebur, amma ya makara. Mai Sawu ya yaye buhun. Sabon allo ne, da sunan mahaifin Ciyaman.

"Jiya na gama shi," in ji Maƙeri, yana goge hannu a riga ba tare da dalili ba. "Yau da sassafe direba ya dawo da shi, wai ramukan ba su hau ba, in faɗaɗa."

"Ba su hau ina ba? An huda masa wuri a bango ne?"

"Ni ban sani ba, Baba. Awo aka kawo mini."

Mai Sawu ya ɗaga allon ya juya shi a haske. Sabo ne, amma ba kaifi a gefensa. An goge kusurwoyin sun yi sulɓi, fuskar kuma tana ɗaukar ido.

"Wa ya ce ka kashe masa kaifi?"

"Haka aka ce. Wai ya zama kamar wanda aka daɗe ana gogewa da hannu, kada a ji sabo ne in an shafa."

In an shafa. A duk garin nan mutum ɗaya ce ke shafa allo a bangon nan.

Nan take Mai Sawu ya gane. Ashe ba sata aka shirya ba, musanya aka shirya. A cire Mai Ruwa daga tsakiyar bango, inda idon baƙo zai fara sauka, a ɗaura uban Ciyaman a ramukansa kafin gari ya waye. Ba wanda zai lura, tunda ba mai karantawa. Ita kuma tsohuwa ba ta san baƙi ba, gobe za ta zo da tsummanta ta goge, jibi ta goge, ta yi ta goge sunan uban wani tana yi masa hira har ranar da za ta mutu. Abin da kawai ya ɓata shirin, maƙeri ya kuskure awo.

An sha yi wa Mai Sawu abin haushi a duniya, amma bai taɓa jin zuciyarsa ta tafasa irin ta ranar ba. Ya naɗe allon a buhun ya saɓa a hammata.

"Baba, za a kashe ni," in ji Maƙeri.

"Ka zo filin da la'asar. In ba ka zo ba, ni zan zo in ɗauke ka."

*

Ya tarar da Samanja a ɗakin ƙungiyar tsofaffin sojoji, ƙarƙashin rufin da ke yoyo, yana goge takalmin fareti na gobe. Shi ne shugaban ƙungiya, shi ne kuma wanda ya koya musu maci tun suna samari. Ya haura tamanin amma bayansa a miƙe yake. Mai Sawu ya yi shekaru yana tafiya a bayan mutumin nan, a fareti da a daji, kuma da za a ce ya nuna mutum ɗaya a garin da ba zai ci amana ba, shi zai nuna.

"Na ji abin da ya faru," in ji Samanja, bai ɗago ba. "Abin kunya. An ce an kama yaron."

"An kama wani dai."

"An ce ka kifa baro a kan wani sawu."

"Sawun silifas ne, ranka ya daɗe."

Samanja ya hura takalmin ya ci gaba da gogewa. "Silifas kowa na da shi. Kada ka wahalar da kanka. Ka rarrashi yayarka, bayan taro ƙungiya za ta san abin da za ta yi mata."

"Da la'asar ina so duk wanda abin ya shafa ya zo gaban bango. Kowa ya je ya dafa gurbin ya ce ba shi ba ne. Kai ne babba, in ba ka zo ba ba wanda zai zo."

Sai a lokacin Samanja ya ɗago ya dube shi. "Har da ni?"

"Har da ni kaina, ranka ya daɗe."

*

Da la'asar filin ya fi na safe cika. Mai Sawu ya sa an baje yashin da ke tsakanin sandar tuta da bango, an yayyafa ruwa, an ja igiya. Mai shayi yana nan zaune a kan baro tun safe, ya ƙi tashi ko don cin abinci. Iya Mai Tsumma tana gefe a kan kujerar da wani ya kawo mata. Sufeto ya taho da Mai Gwangwani da ankwa a hannu. Ciyaman bai zo ba, amma motarsa tana can bakin titi, gilashi a rufe.

"Ɗaya bayan ɗaya," in ji Mai Sawu. "Kowa ya bi ta inda na nuna masa, kada ya taka sawun wani."

Mai Gwangwani ya fara, yana jan ƙafa, ya dafa ya rantse ya dawo. Maƙeri ma ya je ya dawo. Kofur ya dogara sandunansa ya je yana zagi ƙasa-ƙasa. Maigadi da ya kusa bangon sai ya tsaya cak, ya haɗa dugadugai, ya sara, sannan ya ƙarasa ya dafa. Da zai dawo ya juya irin ta soja, ya buga ƙafa. Jama'a suka yi 'yar dariya. Mai Sawu ya je ya duba sawun, ya girgiza kai.

Sai Samanja. Ya zo da takalmin fareti da hula, sanda a hammata. Ya taka kamar ana buga masa ganga, ya tsaya, ya ƙame, ya sara wa bangon, saran da ya koya wa rabin sunayen da ke jikinsa. Ya ƙarasa ya dafa gurbin, ya ce da murya mai ƙarfi ba shi da masaniya. Ya ja baya zuwa inda ya tsaya da farko, ya sake sarawa, ya juya ya buga ƙafa ya dawo.

"Tashi," Mai Sawu ya ce wa mai shayi. Ya ɗaga baron ya jefar gefe. "Sufeto, zo ka gani. Kai ma an koya maka maci."

Sufeto ya matso ya sunkuya.

"Wanda ya cire allon ya share sawunsa a gindin bango, ya share hanyar da ya bi. Nan ne kawai bai share ba. Me ka gani?"

"Dugadugai a haɗe," in ji Sufeto a hankali. "Yatsu a buɗe. Ƙamewa ya yi."

"Ɓarawo ya zo sata, ya tsaya ya ƙame. Bai share wurin ba domin bai san ya yi ba. Ƙafarsa ce ta yi, ba shi ba. To dubi inda ya juya. Soja in zai juya, ɗaga ƙafar hagu yake yi ya buga, kamar yadda Maigadi ya yi yanzu, ga nasa can, tsaf. Wannan kuwa ƙafar hagunsa ba ta ɗaguwa. Jan ta yake yi, tana zana baka a ƙasa kamar lauje, sannan ya buga." Ya miƙa hannu ya nuna sabon sawun da ke gefe, na takalmin fareti. "Ga silifas, ga takalmi. Ku duba laujen."

Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Biyun kamar da hannu ɗaya aka zana su.

"Gwiwar nan tun ranar da aka ciro mata ƙarfe ba ta ƙara lanƙwasuwa ba," in ji Mai Sawu. "Na bi sawun nan a laka, na bi shi a dutse, ina alfahari da shi. Da safe na gan shi na ce ƙarya idona yake yi. Na yini ina zaga gari ina neman wanda zai ƙaryata ni."

Ya kwance buhun ya jefa sabon allon a yashi, ya faɗa wa jama'a sunan da ke kai da abin da aka sa Maƙeri ya yi wa gefensa. Can bakin titi motar Ciyaman ta tashi ta tafi a hankali.

Samanja bai sunkuyar da kai ba. "Ba jefar da shi zan yi ba," ya ce. "Yana ɗakina a naɗe. Bayan taro da an kafa shi a bayan bango. Ku da kuke kallona, wa ya taɓa kawo mana kwano ko ɗaya? Mutanena suna zaune ruwa na zuba a kansu. An ce ga rufi, a ba da wuri ɗaya. Na duba bangon, na ga kowa soja ne mai lamba, sai mutum ɗaya. Ba a taɓa ba shi kaki ba. Ba soja ba ne, mai ɗiban ruwa ne."

"Ba da sunana ba," Kofur ya ce, yana buga sanda a ƙasa. "Gara ruwan ya kashe ni."

Mai Sawu ya matso har suna jin numfashin juna.

"Ba soja ba ne."

"Ba soja ba ne," in ji Samanja.

"To da asuba, babu kowa a filin nan, ba baƙo, ba tuta, ba mai ganinka. Kai kaɗai da sifana a aljihu. Wa ka sara wa?"

Samanja ya sunkuyar da kai. Ya dubi sawun silifas ɗin, dugadugai a haɗe daidai gaban gurbin, kamar yau ya fara ganin ƙafarsa.

*

Sufeto da kansa ya je ya ɗauko allon, bayan ya kwance wa Mai Gwangwani ankwa. A naɗe yake cikin tsohon bargon soja, notin huɗu a ƙulle a gefe. Samarin da suka yi dukan safe sun fara zamewa ɗaya-ɗaya, Mai Sawu ya bi su da ido, ya san ƙafar kowannensu.

Aka miƙa wa Iya. Ta shafa shi da tafin hannu, gefe da gefe, ta tsaya a wata 'yar lotsawa a kusurwar ƙasa, ta gyaɗa kai.

Samanja ya ciro sifana daga aljihu ya tako gaba. "Ni na cire, ni zan mayar."

"Kada ka taɓa shi," in ji Iya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta waiwaya ta nemo Mai Gwangwani a cikin mutane. "Ɗana, hannunka zai iya?"

Mai Gwangwani ya karɓi sifanar. Da ido ɗaya yake gani, sai da Mai Sawu ya riƙe masa allon ya ɗaura notin. Da suka gama Iya ta warware tsummanta ta yi gogen da ba ta samu yi da safe ba, a nitse, mutane na tsaye suna kallo.

Samanja yana nan inda yake. Da ta ja baya allon ya ɗauki hasken yamma, sai dugadugansa suka haɗu da kansu, hannunsa na dama ya fara tashi.

"Sauke," in ji Iya. "Ya ba ka ruwa ka sha, ya isa. Daga yau in ka zo wucewa ta nan, ka wuce kawai."

Hannun ya tsaya a rabin hanya, sannan ya sauka. Ta naɗe tsummanta ta ce, "Auta, kai ni gida."